Dutsen Kawu da Ba Ya Nutsewa

Jiya a kasuwar Gamboru na ga dutsen goge kaushi, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin girki a jirgin ruwa mai tafiya da iska, suna zagaya tsibiran da duwatsunsu ke aman wuta. Yakan ba mu labarin yashi baƙi ƙirin mai ƙona tafin ƙafa, da kurmi kore shar a bayansa, da dutsen da ba ya nutsewa.

Na kai labarin aji, yara suka sa mini suna Maƙaryaciya. Na dawo gida da kuka.

Kawu ba ya musu da kowa. Ya ce, "Uwata, kawo ruwa a bokiti."

Ya ciro wani dutse mai huji-huji daga akwatinsa, ya jefa a ruwan. Dutsen ya yi ta lilo a saman ruwan.

"Tafi da shi gobe. Kada ki ce komai, ruwa kawai za ki nema."

Tun ranar ban sake sunkuyar da kai a ajin nan ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ƙasar kabarinsa ta yi masa rashin nauyi irin na dutsen nan.