Takardar da Yayana Bai Karanta Mini Ba

Shekaru biyu kafin a ba mu mulkin kai raƙumi ya harbe ni a bayan gwiwa, a kasuwar Jibiya. Ciwon ya lafa, amma wani kumburi ya fito a wurin, yana bugawa kamar zuciya. Daga Katsina aka tura ni Kano, daga Kano aka ce sai babban asibiti can kudu. Yayana ya raka ni, don shi ya yi elementare, yana jin Turanci. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma tare muke fataucin gyaɗa da jakuna tsakanin Maraɗi da Jibiya.

Likitan ya yanke inda jijiyar jini ta lalace, ya haɗa bakin biyu da wani ɗan bututu na roba. Ranar sallama ya daɗe yana magana, yana nuna gwiwata, yana girgiza kai. Na tambayi Yaya abin da ya ce. Ya ce wai na warke, in ci abinci sosai. Aka ba ni takarda, na naɗe ta a jakar fata tare da layuna.

Mun dawo ana tsakar kakar gyaɗa. Bayan mako uku Yaya ya ce jakuna suna zaune, mutane suna kwashe kasuwa, shi kuma ba ya iya barin sikeli. Na hau jaki. A tafiya ta huɗu, muna kusa da Magama, na durƙusa in ɗaga buhu, na ji wani abu ya goce a cikin ƙafar. Zafin bai yi yawa ba. Amma kafin azahar tafin ƙafata ya yi sanyi kamar randa, yatsun suka daina jin ƙasa.

Haka na lallaɓa kwana biyu. A bakin iyaka wani malamin kwastan yana binciken kayana ya ci karo da takardar. Ya karanta, ya dube ni, ya dubi jakin, ya tambaye ni me nake yi a kan hanya. Ya ce an rubuta kada in hau dabba, kada in durƙusa ko in ɗauki kaya har wata shida, kuma da zarar ƙafar ta yi sanyi in koma asibiti a ranar.

Shi ya tsayar mini da babbar mota zuwa Katsina. A Kano suka ce bututun ya kauce daga mazauninsa, jini ya daskare a ciki, an makara. Suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Yaya ya zo duba ni da ƙwaryar fura. Na bari ya zauna, sannan na ce, "Yaya, ka ji abin da likita ya faɗa ran nan?"

Ya ce, "Na ji. Na ɗauka tsoro ne irin na likitoci. Na ga kana da ƙarfi."

Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ƙara ta da maganar ba. Na sayar da jakunana, na sayi keken ɗinki na hannu, na kafa rumfa a bakin tasha. Mun ci gaba da haɗuwa wajen suna da jana'iza, muna gaisawa yadda ya kamata. Innarmu ta rasu tana zaton ƙaddara ce kawai ta cinye ƙafar, don ban taɓa gaya mata ba.