Motar Amaren Santa Rufina

Dalmiro Cravero bai taɓa fita neman mota ba, motar ce ta iske shi har gida. A shekarar 1958, yana saurayi yana kwaɓa fulawa a gidan burodin mahaifinsa a Colonia Santa Rufina, aka yi tseren motoci da ya ratsa ta tsakiyar garin. Jama'a sun jeru bakin titi suna shan mate, shayin ganyen ƙasarsu, sai ga wata jar mota 'yar ƙasa-ƙasa, ba rufi, tana ruri kamar an taka wutsiyar damisa. Da ta iso kwanar coci sai ta ƙi lanƙwasa, ta miƙe sambal ta shige katangar gidan burodi.

Direban ɗan wani attajirin shanu ne daga Buenos Aires. Aka zaro shi da karyayyar ƙafa. Da mahaifin Dalmiro ya je dubiya ya tambayi ranar da za a kwashe motar, sai saurayin ya juya fuska bango ya ce kada ya ƙara ganinta, in sun ga dama su yi wa kaji akurki da ita.

Sunan motar Valcavi, aikin hannun wani ƙaramin maƙeri ne a Modena ta ƙasar Italiya da bai ƙera da yawa ba ya rufe shago. Ba wanda ya san haka a Santa Rufina. Kakannin mutanen garin daga Italiya suka zo, amma abin da suka bar wa jikoki cuku ne da ashar.

Dalmiro ya ɗauki gyaranta kamar ibada, kullum ya sauke burodin safe yana ƙarƙashinta. Injin ya daki katanga ya tsage, kayansa kuwa ko a birnin Rosario babu, sai ya cire shi ya dasa na wata tsohuwar a-kori-kura. Ta daina ruri ta koma tari, amma tana tashi kowace safiya. Herminia, budurwar da yake nema, ta ce ita ba za ta yi gyaran gashi iska ta watsa mata ba, sai ya yi mata rufi. Da aka haifi yara ya ja bayanta ya ƙara kujera. Da burodi ya fara nuna kansa a cikinsa ya faɗaɗa ƙofa, ya sayo kujeru biyu daga silimar garin ranar da aka rushe ta. Jan fentin ma tun kafin aure Herminia ta ce na 'yan kashe gobara ne, aka mayar da shi fari.

Da fararta ta kai su coci ranar aurensu, daga nan kuma abu ya zama al'ada. Amaryar da ba ta shiga motar Don Dalmiro ba, sai mata su riƙa tambayar ko akwai abin da ake ɓoyewa. Ranakun mako ta raba burodi a gonaki, Asabar a ɗaura mata fararen kyallaye. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta taɓa ɗauko maraƙi a kujerar baya. Tseren da ba ta ƙarasa ba kuwa ba wanda ya sake tuna mata.

Gashin Dalmiro ya yi fari fat sa'ad da Dokta Iturralde ya iso garin. Likitan haƙori ne daga Buenos Aires, cikin masu tara tsofaffin motocin Italiya, ya shekara da shekaru yana bin sawun wannan motar a tsofaffin jaridu. Da aka buɗe masa gareji ya tsaya ƙiƙam. Ya zagaya ta, ya dubi rufin, ya dubi kujerun silima, ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa ya shige ƙarƙashi da tocila. Da ya fito idonsa ya kawo ruwa. Dalmiro ya ɗauka kyawun aikin ne ya taɓa shi, har ya fara bayanin yadda ya lanƙwasa rufin shi kaɗai.

"Don Dalmiro," in ji likitan a hankali, "wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Ni ne, Dokta. Ba wanda ya sa mini hannu."

Likitan ya tambayi ina injinta na asali. Herminia ta nuna masa bayan gida, inda injin yake tallabe da allon da ake yanka nama a kai ranar gashi. Mutumin ya durƙusa gabansa yana goge maiƙo da hankicinsa har ya ga lamba. Herminia ta raɗa wa mijinta cewa ko a coci ba ta taɓa ganin durƙuso irin wannan ba.

Dalmiro ya ƙi sayarwa da fari. Likitan ya yi ta zarya, yana cewa irinta a duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma zunubi ne a bar ta haka. Abin da ya karya Dalmiro shi ne da ya gane mutumin ba motar yake so ba. Ƙarfen ƙasa yake so, da ƙaramin allon lamba, da injin da bai yi motsi ba tun zamanin mahaifinsa. Rufi da kujeru da ƙofofi da injin a-kori-kura, duk ya ce a bar su. Herminia ta ce, "Tsoho, mutum ya zo sayen ƙashi ya bar maka nama, me kake jira?" Aka yi ciniki. Da kuɗin suka sake tanda, suka yi wa gida sabon kwano.

An kai ƙarafan Italiya, suka yi shekaru a hannun masu gyara. Dalmiro kuwa ya samo ƙarfen ƙasan wata a-kori-kura ya mayar da komai a kai. Amare suka ci gaba da shiga, ba wadda ta lura an cire wani abu.

Wata bazara likitan ya gayyace su baje kolin tsofaffin motoci a bayan Buenos Aires. Dalmiro ya sa kwat ɗin aurensa da maɓallinsa ya daina haɗuwa. Suka iske motar a kan ciyawa, ja wur, an kewaye ta da igiya. Ta yi kyau, wannan bai musa ba, har ƙirjinsa ya buga kamar ranar da ta nufo katangarsu. Ya miƙa hannu zai shafa ta, wata budurwa mai farar safar hannu ta ce, "Kaka, ba a taɓawa."

Ya tsaya cikin taro yana jin likitan yana ba alƙalan gasa labari, wai motar ta ɓace shekara arba'in a wani ƙauye, an yi watsi da ita, shi ya ceto ta. Dalmiro ya juya ya ce wa Herminia, "Ta ɓace? Rabin garinmu a cikinta aka kai su aure." Daga baya ya tambayi likitan gudun nawa take yi yanzu. Likitan ya yi dariya ya ce ai ba a tuƙa irinta, a babbar mota ake kawo ta a mayar, don kowace tafiya rage mata daraja take yi. A gasar ta zo ta biyu. Wadda ta zo ta ɗaya ta sha tsatsa, kujerunta a yage, alƙalai suka ce ita ce ba a goge mata tarihi ba.

Yayi ya juya ke nan. Ba a daɗe ba likitan ya bugo waya gidan burodi, muryarsa kamar zuma, yana tambaya ko farin rufin nan da kujerun silima suna nan. Yana so ya ajiye su kusa da motar, don masu kallo su ga rayuwar da ta yi. Dalmiro ya ce suna nan lafiya lau, amma jikar mai kantin magani za ta yi aure Asabar, bayan ita ma akwai wasu a layi, ya sake kira in 'yan matan garin sun ƙare.

Dalmiro ya rasu yana da shekara tamanin da 'yan kai. 'Ya'yansa sun so a kai shi makwanci a motarsa, aka gwada ta kowace fuska akwatin ya ƙi shiga. Sai aka sa shi a motar gawa kamar kowa, babbar 'yarsa ta tuƙa farar motar a baya, Herminia na zaune a gefenta. Likitan ya aiko da furanni masu yawa, da gaisuwa, da tambayar ko iyali sun yanke shawara a kan rufin. Herminia ta ce a gaya masa an gode da furanni.