Malam Sada da fitilar da ba ta kamawa sai da kaya

Shekara bakwai ke nan bana da muka kai Malam Sada rewaya, mai gyaran wutar mota, makwancinsa a Kurfi. Aminina ne tun muna samari, ina awon hatsi da kwano a kasuwar Dutsin-Ma, shi yana koyon haɗa waya a gareji. Ni na zama dillalin hatsi mai 'yan motocin a-kori-kura, shi ya zama mutumin da ake kai wa mota idan wutarta ta rikice. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata mota ce da ke ajiye a ƙofar shagona tun farkon kaka.

Motocin da muke saya yanzu suna zuwa da wata na'ura da ake kira ABS. Aikinta ta hana tayoyi kamewa idan direba ya taka birki da ƙarfi, don kada mota ta ja shi a kan laka ko rairayi. Idan ta sami matsala, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa takan kama a gaban direba. Birki yana nan yana ci, shi ya sa mutane ba sa damuwa. Ba a gane bambancin sai ranar da saniya ta faɗo titi, mota na ɗauke da buhuna.

Farkon a-kori-kurata mai wannan na'ura, fitilar ta riƙa kamawa tana mutuwa. Na kai wa Sada, muka tayar da mota, fitila ta ƙi kamawa. Na ce masa ta warke da ganinsa.

Ya ce, "Alhaji, kai ma in ka ga likita lafiya gare ka. Ina take zuwa?"

Na ce Kuki da Rawayau, ɗauko masara.

"To je ka loda ta ka dawo. Ba ni duba motar hatsi babu hatsi."

Na ce masa ni ba ni da 'yan dako na wasa. Ya ce to shi ma ba shi da mitar duba ƙarya. Haka na koma na yi lodi na dawo Kurfi ina ƙunƙuni. Muna shiga gareji fitila na ci. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta ƙarƙashin mota, ya fara daga tayar baya, yana bin wayar sensa, abin da ke auna juyawar taya, da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a cikin shinkafa. A bayan tankin mai ya same ta. Ɓeraye sun gaigaye ta, saura 'yan silalla. Idan babu kaya, silallan suna haɗe. Idan aka yi lodi bayan mota ya zauna, sai wayar ta motsa ta rabu. Ya ce laifin sana'ata ne: mai kwana da mota kusa da sito, ɓera ne fasinjansa na farko.

Haka yake aiki har ya bar duniya. Yakan tambayi hanya kafin ya tambayi mota. Yakan duba fiyus, ya wanke lakar da ta toshe sensa, ya ɗaga taya a jak ya juya ta da hannu idonsa na kan mita. Abu ɗaya ne ba ya yi ko za a kwana ana roƙonsa: ba ya cire ƙwan fitilar, ba ya liƙa mata baƙin salatif. Direbobi da yawa sun yi fushi sun bar garejinsa a kan haka. Bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samarin da ke gyara yanzu suna da kwamfuta, kuma ba na raina ta. Sada kansa ya so ya mallake ta kafin ciwon suga ya ci idonsa. Tana faɗa maka wace taya ce ke da matsala cikin ƙiftawar ido, abin da shi yakan yi wuni yana nema. Amma ba ta faɗa maka a wane taƙi na wayar ɓarnar take ba. Wannan sai an kwanta a ƙasa. Ina jin da zai yi murna da na'urar, ya yi baƙin cikin gaggawar masu riƙe da ita.

Babban ɗansa Nafi'u bai gaji sana'ar ba. Tuƙi ya so, uban kuma bai tilasta masa ba. Bayan rasuwar na ba shi mota, ya yi mini aiki da amana, har ya yi iyali. Bana da damina fitilar motarsa ta fara irin wancan hali. Sau biyu ana kai ta Katsina, aka canza sensa, aka dawo, ana yin lodi ta sake kamawa. Na sa aka loda ta aka kai wa wani a nan Dutsin-Ma. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ce wayar ta bi cikin bodi, aikin kwanaki ne, shi kuma motoci sun yi masa layi. Ya ba da shawarar a cire ƙwan.

Na karɓi makulli, na ajiye motar a ƙofar shagona, na ce sai an gyara. Nafi'u ya same ni a shago, ya durƙusa.

"Baba Alhaji, kaka ce fa. Birkin nan yana ci, wallahi na gwada."

Na ce, "Na sani yana ci. Ka ba ni lokaci in sami mai bin wayar, ko Kano ne. Albashinka yana nan."

"Baba, ni ba zama na iya ba. Kowa a tasha salatif ya sa, kuma suna zuwa suna dawowa."

Na ce masa ba a motata ba. Ya yi godiya, ya tashi. Bai yi mini rashin kunya ba, ba halinsa ba ne. Bayan 'yan kwanaki na ji ya karɓi motar wani ɗan kasuwa da ke jigila tsakanin Birchi da Dutsin-Ma. Na san motar. Na san abin da ke liƙe a gaban direbanta.

Idan na auna abin da ya saura na Sada, sai in ga an raba shi ba daidai ba. Hannun da ya iya bin waya yana cikin ƙasa. Taurin kan ya faɗo wurina, ni da ban san yadda ake riƙe mita ba, don haka iyakacin abin da na iya shi ne in hana mota fita. Ɗansa kuwa, wanda na hana dominsa, yana kan hanya cikin wata motar da ba ni da iko da ita.

Yakan wuce ta gaban shagona da lodi har sama, ya danna ham, ya ɗago hannu. Nakan ɗaga masa nawa. Allah ya jiƙan Malam Sada, ya kai yaron nan gida lafiya.