Ta'aziyyar da Ta Cinye Minti Biyu

Maƙwabcina na unguwar Catford ne ya jefa ni cikin kallon rugby, kuma har yau ban yanke hukunci ba ko alheri ya yi mini. Tsohon Bature ne ɗan arewacin Ingila, ya zo Landan tun yana saurayi, ya yi aikin gyaran layin dogo har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu kafin mu tare a layin. Ranar da ya ji na ce ni ɗan arewacin Nijeriya ne, ya kama hannuna ya yi ta girgizawa kamar ya tsinci ɗan'uwansa a tasha. Ya ce 'yan arewa ko'ina suke a duniya, 'yan kudu ne ke raina musu wayo. Ban musa ba. Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini ɗana, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemuna.

Wata Lahadi da rana ya ja ni filin wasa. Ƙarti goma sha uku a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar gwanda. Gaba ake son kai ta, amma in za ka jefa wa ɗan'uwanka, sai dai wanda yake bayanka. In aka kayar da ku sau shida, kun miƙa ta ga abokan karawa ke nan. Na ce masa ai na taɓa ganin irin wannan a talabijin, mutum goma sha biyar-biyar. Nan take ya sha kunu. Ya ce wancan wasan 'ya'yan masu hali ne, wannan ne na masu cin guminsu, kuma kada in ƙara haɗa su a gabansa. Ban ƙara ba.

Kulob ɗinmu, don ban daɗe ba na fara cewa namu, ya ƙware wajen shan kashi. Mutanen Landan ƙwallon ƙafa suka sani, don haka mu da muke zuwa ko gefe ɗaya na filin ba ma cikawa. Kowa ya san tarin kowa. Shan kashin ma mun saba da shi, abin da ke tafasa mana zuciya shugabanni ne. Duk kocin da ya fara riƙe sunayen 'yan wasansa sai a sallame shi. Ɗan wasan da ya fara haskawa, kafin mu gama koyon waƙarsa wani kulob na arewa ya ɗauke shi. An canza launin rigarmu har na daina saya. Duk bayan shekara biyu kuma sai a fito mana da sabon shiri na shekara biyar.

Shugabannin nan a wani ɗakin gilashi suke zama, can sama da kawunanmu. Duk lokacin da aka ci mu, Baba ba ya kallon fili. Sai ya dogara sandarsa ya miƙe, ya juya wa 'yan wasa baya, ya ɗaga kai ya wanke mutanen gilashi tas. Ba sa jin ko kalma ɗaya, ya sani, amma a cewarsa aikinsa ne ya faɗa, ji kuma nasu ne.

Ana nan sai aka sanar da cewa kulob zai bar filin, ya koma wani can yammacin birni. Tsohon filin bas ɗaya ce daga bakin layinmu, ta sauke ka a ƙofa. Sabon kuwa sai ka hau jirgin ƙasa, ka sauka ka gangara tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka fito ka hau bas, sannan ka taka tudu da ƙafa. Gwiwoyin Baba sun riga sun gama aiki. Matakalar gidansa ma da hutu biyu yake hawanta. Ba shi da mota, ni ma ba ni da ita. Mutumin da ya fi shekara talatin bai fasa wasan gida ba, ga shi za a raba shi da abin da ya rage masa na fita. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai tsofaffi irinsa da yawa a layin kujerunmu.

Buƙatarsu ɗaya ce, kuma ba ta da tsawo: kulob ya riƙa tsayar da mota a ƙofar tsohon filin ranar wasa, ta kai su ta dawo da su. Aka yi sa'a shugabanni sun kira taron magoya baya kafin a tashi. Ƙa'idar taron ita ce kowa tambaya ɗaya, minti biyu, kuma sai wanda ya ba da sunansa tun da wuri. Baba ba zai yi magana ba, domin a taron da ya wuce an raka shi waje saboda irin kalmomin da ya zaɓa. Sai tsofaffin suka haɗa baki suka ce ni zan tsaya musu, tunda a rediyo nake aiki. Ba wanda ya taɓa jin shirina a cikinsu, ko sun ji ma ba za su gane ba, da Hausa nake yi. Abin da suka sani shi ne kullum ina tafiya ofis a Marylebone da jaka. Kaina ya kumbura, na karɓa ba tare da ko jan aji ba.

Ranar taron, Asabar ce da rana, ina gyara hula a gaban madubi, mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, nan fa ba Kano ba ne. Two minutes aka ce. Ka yi asking question ɗinka ka zauna."

Na ce, "Ni za ki koya wa tambaya? Ministoci nawa na tsare har suka yi gumi?"

"A studio ka tsare su. Ranar da muka je council kan maganar flat fa? Kana tambayar matar lafiyar 'ya'yanta har aka yi calling number na gaba."

Na ce mata wannan daban, na fita ina huci. Ina da wannan hali, in aka faɗa mini gaskiya kafin in fita sai in ji kamar an zage ni.

A wani ɗaki aka yi taron, ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Shugabanni uku a kan tebur, gefensu wata mata riƙe da agogo da 'yar ƙararrawa. Baba na zaune a damana, ya damƙa mini takarda mai layi ɗaya da rubutunsa mai karkarwa. Ranar na fara ganin shugaban kulob ɗin kusa da kusa. Na daɗe ina ƙiyasta shi ƙaton mutum mai tumbi, sai ga ɗan siriri, idanu sun faɗa, da baƙin laktaya a wuya. Mutumin da ke haguna ya raɗa mini cewa mahaifiyarsa ce ta rasu, ko mako biyu ba a yi ba.

Mutum huɗu suka yi magana kafin ni, kowa ya miƙe ya zazzaga masa abin da ke ransa ya zauna, ba wanda ya ce masa ko sannu. Ni kuwa inda aka raine ni, ba ka tunkarar wanda ya binne uwarsa da buƙata, ko ta allura ce, ba ka yi masa gaisuwa ba. Ballantana wannan ba hira ba ce irin ta ofis, roƙo na zo yi, roƙo kuma yana da ƙofar da ake shigarsa. Na lissafa a raina cewa rabin minti ya isa gaisuwa, sauran na mota.

Aka kira ni na miƙe. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na dafa ƙirji na ce wa shugaban mun sami labarin rashin da aka yi, muna taya shi jimami. Na ce uwa ba ta tsufa a wurin ɗanta, ko ya yi jikoki, ranar da ya rasa ta maraya ne. Na ce ni ma na ɗanɗana, ina nan Landan tawa ta cika, ban sami ko jana'izarta ba. Wannan ban shirya faɗarsa ba, fitowa kawai ya yi. Na roƙa masa haƙuri, shi da iyalinsa.

Shugaban ya cire tabarau. Ya ce tun da ya shigo ginin nan yau ba wanda ya ambace ta. Ya ce ita ta fara kai shi kallon wasa yana ƙarami, da shayi a gora, ruwa ko sanyi ba ya hana ta. Ɗakin ya ɗauki tafi, har da waɗanda suka gama zaginsa yanzu-yanzu. Ina tsaye da takarda a hannu ina jiran tafin ya lafa, sai na ji ƙararrawa.

Na ce, "Ai ban yi tambayar ba."

Matar ta yi mini murmushi irin nasu, ta ce lokacina ya cika, amma ina iya rubuto musu wasiƙa. Na bayana ya riga ya miƙe. Tambayarsa ita ce me ya sa sambusar naman nan tasu da ake sayarwa a fili kullum da sanyi take. An fi minti goma ana tattauna ta, har ana rubutawa.

A bas da muka kusa sauka, Baba ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Jawabin ya yi kyau, ɗana. In na mutu kai za ka yi magana a kaina. To motar fa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Washegari kuma hotona ya fito a shafin kulob, hannu a ƙirji, an rubuta a ƙasa cewa magoya baya da shugabanni sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya kan batun ƙaura. Mai ɗakina kuwa ta tura wa 'yan'uwanta hoton, ina jin dariyarsu daga kicin.

Na rubuta wasiƙa, na sake rubutawa. Amsa iri ɗaya ke dawowa, cewa saƙona yana da muhimmanci a wurinsu. Na hau dokin zuciya na rubuta ta uku mai zafi, babu ko gaisuwa a samanta. Ita ma muhimmiya ce. Ana sauran kwana kaɗan a buɗe sabon filin sai ga kati daga shugaban da kansa, yana gayyatata tare da mutum ɗaya mu kalli wasan farko a ɗakin gilashi, don ya gode mini.

Na kai wa Baba katin da murnata. Ya juya shi gaba da baya ya miƙo mini. Ya ce shekara da shekaru yana zagin ɗakin nan, ba zai shiga da ƙafarsa ya ci abincinsu ba. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ko na so ma, wa zai goya ni a matakalar tube? Je ka kai kaɗai. Can babu ƙararrawa."

Na je. Kujerun masu laushi ne, kuma gaskiyar Baba, ba a jin komai daga ƙasa. Kana ganin bakuna suna buɗewa, hannaye suna nuno ka, shi ke nan. Da aka tafi hutun rabin lokaci, ana cinmu kamar yadda aka saba, na tari shugaban yana zuba shayi. Ban tambaye shi gida ba, ban tambaye shi gajiya ba. Na ce masa akwai tsofaffi da ba za su iya zuwa nan ba, suna roƙon mota daga tsohon filin.

Ya ajiye kofi ya ce, "Mota? Ai wannan abu ne mai sauƙi. Me ya hana wani ya tayar da maganar a taro? Duk abin da aka kawo ranar mun yi aiki a kansa." Ya nuna mini farantin sambusa, ya ce in taɓa in ji, yanzu da zafinta ake sayarwa. Ya ce shirin bana an riga an rufe, amma in tuna masa baɗi.

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba ko romon baka ne. Mai yiwuwa ko na yi tambayar da ba a ba da motar ba, na sha gaya wa kaina haka. Amma a lokacin ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma ban ga sauran wasan ba ko da yake idona yana kan fili.

Na dawo rana ba ta faɗi ba, na tarar da Baba a kan kujera a ƙofar gidansa, sanye da tsohuwar rigar kulob.

"Ka tambaya?"

"Na tambaya."

"Ya ce me?"

"Ya ce baɗi."

Nan na tsaya, ban ƙarasa masa sauran ba. Ya gyaɗa kai, ya shafa gwiwoyinsa, ya tambaye ni wane ɗan wasa aka sa a gefen hagu.

Baɗin ta zo da sabon koci da sabuwar riga, ba ta zo da mota ba. Shugaban ma ya sauka, wanda ya gaje shi bai san da maganar ba. Kafin kakar ta ƙare 'yar Baba ta zo daga arewa ta ce zaman kaɗaicin ya isa haka, za ta tafi da shi. Bai taɓa ganin sabon filin ba.

Na san kaina. Ko gobe aka sake tsayar da ni gaban wanda ya rasa uwa, ta'aziyya zan fara yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rabin maganar da na ɓoye wa Baba, don ya cancanci ya san abin da minti biyun nan suka jawo masa. Ranar tafiyarsa na taya su loda kaya, na ƙudura zan faɗa masa kafin su tashi. Ya shiga mota da ƙyar, ya sauke gilashi, ya miƙo mini hannu. Na riƙe hannun, na sunkuya, na buɗe baki. Sai na ji ina ce masa Allah ya kiyaye hanya, ya gaida mutanen gida.