Kwanar Ɗorawa

Ƙarfe bakwai da kwata na safe ne, wata Asabar cikin Afrilu, kafin saukar ruwan farko. Mu huɗu muke tsaye a kan hanyar da ta fita daga ƙauyenmu zuwa Madakiya: ni, da mai unguwa, da kansilanmu, da direban gireda, motar share hanya, wanda ya kashe injinsa ya sauko yana goge hannu da tsumma. Ta biyar ɗinmu a zaune take. Tsohuwa ce, matar marigayi maƙerin garinmu. Ta kawo 'yar kujerarta ta ajiye a gindin wata ɗorawa, daidai inda bakin gireda zai bi, tana ɓarar ɗorawa a cikin ƙwarya kamar a tsakar gidanta.

Ba na son labarin da aka fara daga tsakiya, don haka bari in koma baya in jera shi yadda ya zo.

Hanyarmu ba doguwa ba ce, amma da damina ba ta biyuwa. Motocin masu sayen citta sukan tsaya can bakin kwalta, mu kuma mu yi ta jigilar buhuna a ka da a mashin, sannan a karya mana farashi don an san ba za mu koma da kaya gida ba. In naƙuda ta zo wa mace da gardama, a kan mashin ake kai ta Kafanchan, wani a baya yana riƙe da ita. Kansilolin da suka gabata duk sun yi alkawarin gyara. Mun ji, mun tafa, mun koma gida.

Wannan kansilan tsaran ɗana na biyu ne. Asalinsa ɗan ƙauyen nan ne, amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, inda ubansa ya yi aiki. Yana jin yarenmu, sai dai in ya buɗe baki da shi yara sukan ɓoye fuska su yi dariya. Ban jefa masa ƙuri'a ba, kuma na faɗa masa haka a gabansa. Ya ce, "Ba komai, Baba, kai ma nawa ne."

A hankali na fara lura da shi. In an yi rasuwa, ba ya zama a kujerar roba ta gaba a ƙarƙashin rumfa. Yakan wuce makabarta ya karɓi shebur. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada yakan jingine mashin ɗinsa a gindin mangwaron majami'a, duk mai magana ya zo: wannan aladun maƙwabci sun shiga masa rogo, wannan rufin aji ya yaye, waccan famfon unguwarsu ya daina ba da ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne in abu ya fi ƙarfinsa yakan ce, "Wannan ya fi ƙarfin kansila." Ban taɓa jin ɗan siyasa ya faɗi haka ba kafin shi.

Shi ya yi ta zarya zuwa sakatariya har aka ba shi aron gireda. Wuni ɗaya aka ba mu, domin Litinin za ta wuce wata mazaɓa. Mu muka haɗa kuɗin dizal. Da yake ni birkila ne, na yi shekaruna ina gini kafin gwiwa ta hana ni hawa, ni aka sa in ja igiya in kafa turaku inda hanya za ta bi. Tsohuwar hanya ta ƙafa ce, tana karkacewa yadda ta ga dama. Ni kuwa na ja ta miƙe sak, yadda aka koya mini. Igiyata ta faɗa a kan ɗorawar nan. Na tambayi kansila, "An nemi izinin masu wurin?" Ya ce an nema, an bayar. Na ce to, na buga turke na wuce.

A nan ne aka samu saɓani, kuma sai wanda ya tashi a ƙauye zai gane shi. A wurinmu ƙasa daban, itace daban. Mutum yana iya mallakar gona, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani gida ce. Ana gadon itace, ana kyauta da shi, ba tare da an taɓa ƙasar da yake tsaye a kai ba. Ƙasar wurin nan ta mai unguwa ce. Ɗorawar kuwa ta tsohuwa ce.

Yanzu na dawo safiyar Asabar.

Direban ɗan Ibo ne haifaffen Kafanchan, Hausar bakinsa ta fi tamu. Ya dubi agogonsa ya ce, "Honorabul, rana fa tana tafiya. Ku ɗauke mini Mama daga nan, yanzu in kwantar da itacen nan mu wuce."

Kansila ya cire hula ya je ya durƙusa a gabanta. "Kaka, ina kwana?"

Akwai wasan jika da kaka a tsakaninsu, don kakarsa ƙawarta ce. Ta amsa masa da yarenmu, ba ta ɗaga kai daga ƙwarya ba. "Maigidana ne? Da sassafe haka, har da babbar mota? Kayana ka zo kwashewa ka mai da ni gidanmu?"

"Wa zai rabu da ke, amarya? Hanya muke gyarawa."

"To gyara. Ni ban riƙe hanya ba. A gindin itacena nake zaune."

Ya juyo ya dubi mai unguwa. "Baba, ba ka ce ka ba mu wurin nan ba?"

"Honorabul, ƙasa ka roƙa, ƙasa na ba ka. Itace ba nawa ba ne, ta yaya zan bayar?"

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Wa yake faɗin abin da kowa ya sani?"

Na ga gumi a goshin kansila, ga shi rana ba ta yi zafi ba tukuna. Ya koma gun tsohuwa ya ce za a biya ta, ko daga aljihunsa ne.

Ta ce, "Kuɗin naka yana yin fure kowace shekara? Uwar mijina ta ba ni itacen nan ranar da na haifi ɗan fari. Da daddawarsa na sa 'ya'yana makaranta. Yau ma da shi nake sayen gishiri da sabulu, ba na roƙon kowa. In kun kwantar da shi, gidanka zan tare, ka gaya wa matarka ta share mini ɗaki."

A lokacin mutane sun fara taruwa. Wasu matasa suna gunaguni, sun ce saboda itace ɗaya gari zai rasa hanya. Wani ya ce a ɗauke ta da kujerarta a ajiye gefe, ai ba ta da nauyi. Kansila ya miƙe ya ce, "Wanda ya taɓa kujerar nan, ni da shi ne." Bai ɗaga murya ba, amma an ji.

Sai ya tambaye ni ra'ayina. Na ce miƙaƙƙiyar hanya ta fi, domin ruwa ba ya kwanciya a kanta kuma direba yana hango gabansa. Na ce kuma ba a sare abin da ba a roƙa ba. Na faɗi duka biyun don duka gaskiya ne. Direban gireda ya ce, "Baba, ka taimaka mana ƙwarai," mutane suka yi dariya. Ban yi ba.

Kansila ya zaga ta dama da itacen. Fa ne, dutse shimfiɗe, gireda ba za ta iya da shi ba. Ya zaga ta hagu. Gonata ce ta citta. Na riga na kafce ta, na zuba takin kaji da na yi ta ɗaukowa a baro, iri yana ɗaki yana jiran ruwa. Ya tsaya a bakin gonar ya daɗe, sannan ya dube ni. Na san abin da ke tafe.

"Baba," ya fara.

Na ce, "Ba a roƙon gona a tsaye a kan hanya. Ka san gidana."

Na juya na tafi. Na ji direba yana cewa, "Honorabul, wannan garin naku sai ku." Ba don wulaƙanci na yi haka ba. Yaron ya riga ya tsallake mai abu sau ɗaya a ranar, bisa rashin sani. In na ba shi gona a gaban taro, gobe za a ce kunya ce ta sa na bayar, wani kuma ya ce ƙwace aka yi. Abin da aka bayar a tsakar gida, a zaune, gaban shaida, ba ya tashi daga baya.

Ya biyo ni da ƙafa, shi da mai unguwa. Matata ta kawo musu ruwa. Muka gaisa daga farko kamar ba mu haɗu da safen ba: gida, yara, gajiya, jikin mahaifiyarsa. Na san kansila sauri yake yi, amma ya bi gaisuwar har ƙarshe. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kafin in amsa sai ya ƙara da cewa, "Baba, a gefen da za a yanka, akwai wani itace ko wani tsiro da ba naka ba?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce akwai shuwakar matata a bakin iyaka.

Ya juya wajenta. "Mama, shuwakarki fa?"

Ta ce, "Honorabul, shuwaka ba ta mutuwa. A karyo mini rassa in dasa a bayan ɗaki. Amma in miyata ta yi daɗi ba za ka sha ba."

Na ba shi gonar bisa sharaɗi biyu. Na farko, ni zan ja igiyar kwanar da hannuna. Na biyu, a haƙa lambatu a gefe don kada ruwan hanya ya wanke sauran gonar. Ya ce ya ɗauka.

Muka koma. Na cire turakuna na sake kafa su. Tunda na fara riƙe igiya ban taɓa jan ta a karkace da gangan ba sai ranar. Na buɗe kwanar sosai yadda babbar mota za ta juya ba tare da ta goge saiwar itacen ba, wanda hakan ya ƙara cin gonata fiye da yadda kansila ya roƙa. Aikin da za a yi, a yi shi daidai. Da gireda ta sa baki ta fara ture baƙar ƙasar nan da takin da na ɗauko da gumina, ban kawar da kai ba. Na tsaya na kalla har ta gama. Tsohuwa ba ta tashi daga kujerarta ba sai da injin ya wuce ta da nisa, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta ce wa kansila, "Na fasa tarewa. Ka ci gaba da zama da waccan."

Kafin faɗuwar rana hanya ta kai bakin kwalta. Asabar da ta biyo aka yi gayyar lambatu. Kansila ya zo da sheburinsa, hannunsa ya yi bororo, matan zumunta suka yi ta tsokanarsa wai hannun alli ne, don malamin makaranta ne kafin siyasa. Ya cika sharaɗi na biyu, kuma har yau ruwa bai taɓa shiga mini gona ba.

A kakar shekarar motar citta ta shigo har ƙofar majami'a. Cittata ta ragu, amma abin da na sayar na sayar da shi a ƙofar gida da daraja. Jikata ta fari a mota aka kai uwarta Kafanchan, cikin ruwan Agusta. Wurin kuwa ya samu suna, Kwanar Ɗorawa. Masu mashin suna jiran fasinja a inuwar, mata suna kasa gyaɗa da masara. Duk shekara in tsohuwa ta yi daddawa takan aiko wa matata da ƙunshi a ganye, ba ta taɓa haɗawa da wata magana ba. Ni ma ban taɓa tayar da zancen ba. In na wuce nakan tsaya mu gaisa, wani lokaci in zauna a kan saiwar in huta gwiwa. Har yanzu in na hango kwanar daga nesa idona na birkila yana gaya mini ba ta miƙe ba. Nakan bar shi ya faɗa, in ci gaba da tafiyata.

Tsohuwa ta rasu bayan kansilan ya sauka daga kujera. Ya zo, ba hula ba rakiya, ya sa kafaɗa a akwatin gawarta. Kafin ta rasu ta ba matar ɗanta ɗorawar, a gaban mai unguwa da Fasto. Ita ke kaɗa ta yanzu, ita ke dafa kalwa, kuma ƙunshin ganyen bai daina zuwa gidana ba.

Kwanakin baya wasu baƙi suka zo da abin awo, suka ce ana maganar zuba kwalta. Muna murna da wannan. Amma na ga sun shafa jan fenti a jikin ɗorawar, kuma da na tambaya sun ce sun riga sun yi magana da mai ƙasa.

Don haka, mai karatu, ga roƙona. In kana cikin masu wannan aiki, ko ka san wani a cikinsu, ka gaya masa itacen da ke Kwanar Ɗorawa yana da mai shi. Gidanta ne na bayan tsohuwar maƙera. A je a zauna, a gaisa, a tambaye ta kafin a kawo inji.