Allon Giya da Jirgin Baba

Sallar asuba kawai muka jira. Ana sallamewa muka nufi tashar mota ta Ƙauran Namoda, ni da wani abokin aikina da muke koyar da sana'ar hannu a makaranta ɗaya. Bazara ce, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, kuma abin da ya fitar da mu roba muke nema.

Ga dalili. Mahaifina ya yi ƙuruciyarsa yana zuba kwal a cikin kan jirgin ƙasa, lokacin da jirgi ke zuwa Ƙaura kamar yadda rana ke fitowa. Yanzu idonsa na hagu ya mutu, na dama kuma likita a Gusau ya ce mini da wuya ya kai damina. Abu ɗaya tsohon ke maimaitawa, yana son ya sake ganin jirginsa. Na yi masa ƙarami da kwali, kwalin ya sha fenti ya kumbura, Baba ya juya shi a hannu ya ce wannan ai akwatin sabulu ne. Sai na ƙudura zan yi masa na gaske da farar robar nan da masu zanen gine-gine ke kira sitirin. A Kano ake sayar da ita, ni kuwa ba ni da halin zuwa Kano.

Zurmi muka fara. An ce akwai mai gyaran firji a can, kuma cikin tsohon firji da irin robar ake yinsa. Mai ya yi wuya, kuɗin mota ya ninka, mu maza an cusa mu kamar buhunan gero, mata suna jiran tasu motar daban a gindin bedi. Hanya duk ramuka, gonaki sun bushe ƙayau. Muka iske mai firji ya tashi, don wutar da za ta sa firji ya lalace ma babu ita. Wani mai sayar da bokitai ya ji abin da muke nema, ya baje mana butoci da baho.

"Malam, roba ai roba ta. Wagga ma ta fi ƙarko."

Na yi masa bayani cewa tawa daban ce. In ka ƙwanƙwasa ta, tana ƙara kamar kwano. In ka ja layi da reza ka lanƙwasa, sai ta karye tas. In ka ɗiga mata tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, sai ta yi danƙo, har guda biyu su haɗe su zama ɗaya. Ta bokiti kuwa ko gam ba ya kama ta. Ya dube ni kamar wanda ya kamata a kai wa malamin ruƙiyya. Amma shi ne ya ba mu hanya: ya ce allunan talla masu fitila a ciki suna ƙara irin wadda na faɗa, kuma tun da aka rufe gidajen giya a Shinkafi suna nan a yashe.

Muka sha fura da nono, muka juyo. Dole motar ta bi ta Ƙaura, har na hango rufin gidanmu, ban sauka ba. Ba na son in shiga hannu wofi.

Mun isa Shinkafi ana gobe kasuwa. Shanu da raƙuma na ta shigowa daga Nijar, masu hoce da tsire sun kafa, gari ya cika. Bayan tasha kuwa tsit. A nan muka sami wani gidan giyar, ƙofa a karkace, kujeru an kifa su kan juna. Mai gidan mutumin kudu ne, dattijo, Hausarsa ta fi tawa zama ta Zamfara. Yana ɗaure katifu da igiya, zai koma garinsu. Ya ce a garin nan ya binne matarsa, ita ce kaɗai ba zai iya ɗaurewa ba. Allon na jingine a bango, ya kusa kai tsawon tabarma, da ƙatuwar kwalba a zane a jikinsa. Na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara. Na ɗiga tina a kusurwa, yatsana ya manne. Wallahi sai da na ji hawaye.

"Ɗauka, Malam," in ji shi. "Ni mi zan yi da shi?"

Washegari direba ya ɗaure allon a saman mota. Na rufe shi da buhu, iska ta yaye buhun tun kafin mu yi nisa. A Badarawa wasu samari 'yan sa-kai suka tsayar da mu, sun hango kwalbar. Ba su yi mana rashin kunya ba. Suka sauke allon, suka kira wani dattijon malami, na ba shi labarin Baba. Ya jinjina kai ya ce roba ba ta da zunubi, hoton ne abin ƙi, a goge shi shi ke nan. Na ce da na isa gida zan kankare shi da ruwa da takardar yashi. A daidai nan aka tayar da sallar azahar, malamin ya kama hannuna muka shiga masallaci, abokina na biye.

Mutanenmu ba sa barin baƙo da aiki, balle malamin makaranta mai jinyar uba. Samarin sun riga sun yi tasu sallar a jam'in farko na bakin hanya. Muna ciki suka karɓo galan ɗin fetur wurin ɗan bumburutu, da kuɗin aljihunsu, suka shimfiɗa allon a rana, suka kwarara masa, suka bi shi da tsumma da yashi.

Warin ne ya fara tarbe ni. Kwalbar ta tafi, gaskiya ne. Allon ma ya tafi. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi danƙo, yashi da zaren tsumma sun nutse a ciki. Fetur ya narkar da robar kamar tina; abin da ya sa na zaɓe ta, shi ya kashe ta.

"Malam, mun tsarkake maka shi," in ji babbansu, hannunsa duk farin danƙo. "Sai dai kamar robar ba ta da kyau."

Na dubi hannunsa. Yaro ya kashe kuɗinsa, ya ƙona hannunsa don ubana. Na ce Allah ya saka da alheri. Ban taɓa yin godiyar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Abokina ya zaro reza, muka yanko kusurwoyin da fetur bai taɓa ba, duka suka shige jakar hannu. Muka hau mota muka koma Ƙaura.

Abin da na tsira da shi bai isa jirgi ba. Kan kawai na fitar, da bututun hayaƙi, da fitilar gaba, da ɗan ɗakin da Baba ke tsayawa da shebur. Ina cikin aikin aka yi ruwan farko. Ranar da fenti ya bushe na kai masa, ya miƙo hannu ta gefen da ba na nan.

Na sa masa a tafi. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya shafa ƙafafun, ya tura ɗan yatsa cikin ɗakin ya daɗe a nan. Sai ya lalubi baya, inda taragu ya kamata su kasance.

"Ina sauran?"

"Suna hanya, Baba."

Ya yi murmushi. "Haka suka ce muna a tasha."

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma ba daɗi. Ba wanda ya cuce ni a hanyar nan, kowa taimakona ya yi. Yanzu ko allura zan ajiye a hannun mai son taimako, sai na gaya masa abin da ke lalata ta. Kan jirgin yana ƙarƙashin matashin Baba. Kullum da safe sai ya lalubi bayansa.