Shayin da Na Zuba a Kwalbar Baba Dokta

Jama'a, wallahi wannan ni ya faru da ni, shekarun baya da nake aikin girki a Garki, Eriya 2, gidan wani tsohon likita da muke kira Baba Dokta. Kirista ne, ni kuwa ko warin giya ba na so, amma mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗansa, har shi ke tuna mini lokacin salla.

Yana da wata kwalbar wiski da suka sayo a Sikotlan shi da matarsa, Mama, suna amarci. Ya ce ta sha'ir ce zalla, kamfani ɗaya ke yin ta, kuma an rufe shi tuntuni, ko nawa gare ka ba za ka samu irinta ba. Duk ranar zagayowar aurensu sai su ɗan kurɓa. Mama ta rasu saura cikin ƙaramin kofi biyu a kwalbar, shi kuma ya ƙudura zai ƙarasa musu a ranar.

Saura kwana biyu, ina goge kabad, ni sarkin tsantseni sai na ɗauke ta da tsumma don kada hannuna ya taɓa, ai kuwa ta sulɓe, murfin ya fita, ta tsiyaye a kafet tas. Innalillahi! Falon ya ɗauki wani ƙamshi kamar hayaƙin ɗanyen ice. Na wanke kafet, na rasa bakin da zan gaya wa dattijon nan na zubar masa da abin da ya rage na matarsa, don haka na dafa baƙin shayi, na tace, na ɗura a kwalbar.

Ranar, bayan la'asar, ya sa kwat ɗinsa, ya zuba kofi biyu, ya ajiye ɗaya gaban kujerar Mama. Ya kurɓa, ya rufe ido, sai hawaye. Tausayinsa ya kama ni, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe ni, shayi ne. Ni na zubar."

Ya miƙo kofin saitin hancina ya ce, "Malam, wannan ne shayi?"

Na rantse da Allah ƙamshin hayaƙin nan ne ya buge ni, mai ƙarfi, har idona ya kawo ruwa. Ni fa na dafa shayin nan da hannuna! Baba ya dubi kujerar yana dariya yana hawaye, ya ce, "Ka ga halinta ko? Ba ta taɓa yarda a kunyata mutum a gidanta ba."

Har yau idan na tuna sai tsikar jikina ta tashi, ban kuma san me zan kira abin ba. Ni dai shawarata, in kun yi wa tsoho ɓarna ku faɗa masa tun da wuri, don ba kowane gida za ku samu mai rufa muku asiri irin Mama ba.